Yadda Ake Tsara Bayanan Rakiya na Takardu, Sauti, Bidiyo da Hotuna

Kowane fayil da ke cikin kwamfuta ko waya yana da abin da ya ƙunsa, wato rubutun ko muryar ko hoton kansa, sannan yana da bayanan da ke rakiyarsa, waɗanda suke faɗin mene ne shi, wa ya yi shi, yaushe aka yi shi, a wane gari, da wane harshe, kuma wa yake da haƙƙinsa. Waɗannan bayanan rakiya, da ma'aikatan ɗakunan karatu da taskokin tarihi ke kira metadata, su ne abin da manhajar bincike take dubawa idan mutum ya rubuta suna ko shekara yana neman wani abu. Idan babu su, ko kuma an cike su barkatai, to fayil yana nan a ajiye amma ba mai iya kaiwa gare shi sai wanda ya ajiye shi da hannunsa, shi ma muddin bai manta ba.

An rubuta wannan jagora ne domin wanda aka ɗora wa nauyin tarin fayiloli masu gauraye: ma'aikacin ɗakin karatu na kwaleji, ko mai kula da taskar gidan rediyo, ko sakataren kwamitin masallacin da ya tara tafsirin shekaru masu yawa, ko iyalin da suka gaji kundayen ajami suka ɗauke su a hoto. Galibi abin da irin wannan mutum yake tararwa a ma'ajiyar kwamfuta shi ne tulin sunaye irin su AUD-20240312-WA0007 da IMG-20230105-WA0031, waɗanda WhatsApp ya raɗa, kuma kwanan watan da ke cikin sunan na ranar da fayil ɗin ya shigo waya ne, ba na ranar da aka ɗauki karatun ko hoton ba. Abin da ya kamata a sani tun daga farko shi ne babu wata ƙa'ida guda da ta game dukkan nau'o'in fayiloli. Hoto yana da nasa tsarin, MP3 yana da nasa, PDF da bidiyo ma haka, kuma kowanne yana da iyakarsa da inda yake yasar da bayani. Saboda haka hanyar da nake ganin ta fi ɗorewa ita ce a buɗe rajista guda ɗaya a wajen fayilolin, ita ce uwa, sannan a riƙa kwafo bayani daga cikinta ana cusawa a kowane fayil gwargwadon abin da tsarinsa zai iya ɗauka. Bayanin da aka cusa a cikin fayil kamar sunan da ake rubutawa a jikin buhu ne a kasuwar hatsi: yana bin kayan duk inda suka je, amma da zarar an juye su a wani buhun ya ɓace, shi ya sa dillali yake riƙe da littafinsa.

A fara da rajista bisa tsarin Dublin Core

Tsarin Dublin Core ya samo sunansa daga garin Dublin na jihar Ohayo a Amurka, inda aka yi taron farko a kansa a 1995, kuma a 2003 ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 15836. Gurabensa 15 ne: take, mai aikin, maudu'i, bayani, mai wallafawa, mai ba da gudummawa, kwanan wata, nau'i, siga, lambar shaida, tushe, harshe, alaƙa da wani abu, wuri da zamanin da abin ya shafa, da kuma haƙƙin mallaka. Ba dole ba ne a cike kowane gurbi, kuma ana iya maimaita gurbi ɗaya sau da yawa, misali idan littafi na mutum uku ne. Dalilin da ya sa nake fifita shi ga ƙaramar taska shi ne ya dace da takarda da waƙa da hoto baki ɗaya, sannan manhajojin da jami'o'i ke ajiye kundayen bincike da su, irin su DSpace da Omeka, da shi suke aiki, don haka duk ranar da aka so miƙa tarin ga wata babbar cibiya ba sai an sake aikin daga tushe ba. Ɗakin karatun da ya riga ya saba da MARC 21, wanda ya samo asali daga tsarin MARC da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya faro a shekarun 1960, ya ci gaba da shi wajen littattafai, amma ga wanda ba ƙwararren mai kundin laburare ba tsarin ya yi nauyi.

A buɗe shafin lissafi a LibreOffice Calc ko Excel, a ba kowane abu layi ɗaya, a ba kowane gurbi ginshiƙi ɗaya, sannan a ƙara ginshiƙai na sunan fayil, da sunan wanda ya cike layin, da na'urar da aka juyo abin daga gare ta. Wajen adanawa a zaɓi siga ta CSV mai tsarin haruffa na UTF-8, domin tsohuwar sigar CSV ta Excel tana mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, kuma idan an adana a haka ba a iya dawo da su sai an sake bugawa da hannu.

Kowane abu sai an ba shi lambar shaida da ba za ta taɓa sauyawa ba, kuma ba za a sake ba wani abu ita ba ko da an goge na farkon. Lamba irin TAF-0412 ga tafsiri, HOT-0057 ga hoto, AJM-0009 ga kundin ajami ta wadatar, kuma da ita za a fara sunan fayil, kamar TAF-0412_2024-03-12.mp3. A sunan fayil kaɗai nake ba da shawarar a guji haruffa masu lanƙwasa da waƙafin sama da tazara tsakanin kalmomi, saboda sunan yana ratsa na'urori da manhajoji iri-iri da ba duka suke girmama su ba. Idan abin yana da lambarsa ta duniya, a rubuta ta a matsayin lambar shaida ta biyu: ISBN ga littafi, wadda ta koma lambobi 13 tun 2007 kuma Laburaren Ƙasa ne yake bayar da ita a Nijeriya, ISSN ga mujalla ko jarida, ISRC mai haruffa da lambobi 12 ga waƙar da aka fitar a kasuwa.

Ƙa'idojin cikewa, inda mafi yawan aikin yake

Samun gurabe ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce mutum uku da ke aiki a kan rajista ɗaya su riƙa cike gurbi ɗaya ta hanya ɗaya. Saboda haka kafin a cike layi na farko a zauna a rubuta takardar ƙa'idoji, ko da shafi biyu ne, a yanke hukunci a kan sunaye da kwanan wata da harshe da maudu'i.

Batun sunaye ya fi komai cin lokaci a wajenmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai yana bayyana a rubuce a matsayin Usman dan Fodio da Uthman ibn Fudi da Shehu Usmanu da wasu siffofin, kuma manhaja tana ɗaukar kowace siffa a matsayin mutum dabam. Maganin shi ne a ware shafi na biyu a rajista, a zaɓi siffa ɗaya ga kowane mutum a ce ita ce tabbatacciya, a jera sauran a gefenta, kuma kada wani ya shigar da sabon suna a babban shafi sai ya duba wannan tukuna. Ga sanannun mutane ana iya duba VIAF ko Wikidata, rumbunan intanet da ke ba kowane sanannen mutum lamba, a ɗauko lambarsu a liƙa. Laƙabobi irin su Malam da Alhaji da Dakta da sarautun gargajiya suna sauyawa da zamani, domin wanda aka kira Malam a kaset ɗin 1990 yana iya zama Farfesa a bidiyon 2015, wanda yake Ciroma a wani hoto yana iya zama Sarki a wani, don haka a bar laƙabi a gurbin bayani yadda ya zo a jikin abin, a ajiye gurbin suna tsab. Haka kuma ɗabi'ar laburaren Turai ta juya suna a fara da na ƙarshe ba ta dace da sunayenmu ba, tunda na ƙarshen sau da yawa sunan uba ne ko na gari, kuma ba wanda zai nemi mutum da shi. A rubuta suna a miƙe yadda ake kiran mai shi.

Sai a bambance wanda ya yi aikin da waɗanda suka taimaka, a kuma faɗi rawar kowa. A tafsiri malamin da ke fassara shi ne mai aikin, mai jan baƙi kuma ya shiga gurbin gudummawa tare da ambaton matsayinsa, domin akwai masu neman karatu saboda muryar alaramman. A waƙa a rarrabe mawaƙi da marubucin waƙar, idan mutum biyu ne, da makaɗa da 'yan amshi. A kundin ajami ko na Larabci a rarrabe wanda ya wallafa da wanda ya kwafa, domin ana iya samun shekaru ɗari ko fiye a tsakaninsu, kuma sunan da ke ƙarshen kundi sau da yawa na mai kwafar ne.

Kwanan wata a rubuta shi bisa ƙa'idar ISO 8601, wato shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-03-12. Wannan yana kawar da ruɗanin da ke cikin 03/12/2024, wanda mutumin Nijeriya zai karanta 3 ga Disamba, Ba'amurke kuma ya karanta 12 ga Maris, sannan yana sa fayiloli su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. Idan ba a san rana ba a rubuta 1987-06, idan ba a san wata ba a rubuta 1987 kawai. Akwai ƙarin alamomi da aka shigar cikin kashi na biyu na ƙa'idar a 2019 domin kwanan watan da ake kokwanto: 1987? yana nufin ana zato, 1987~ yana nufin wajejen shekarar, 198X yana nufin wata shekara cikin goman nan. Amfani da su ya fi a ƙirƙiri rana don kawai kada gurbi ya zauna fayau. Kwanan watan Hijira a ba shi ginshiƙinsa a rubuta shi yadda ya zo, sannan a kawo na Miladiyya a babban gurbi. 2 ga Ramadan 1445 ya zo daidai da 2024-03-12 a Nijeriya, amma idan shekarar Hijira ce kaɗai aka sani, a tuna cewa tana ratsa shekaru biyu na Miladiyya, kamar 1300 da ta fara a 1882 ta ƙare a 1883, don haka a rubuta 1882/1883. Kaset ɗaya yana iya samun kwanan wata uku, na ranar ɗauka da na ranar fitarwa da na ranar da aka juye shi a kwamfuta, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa na ukun a gurbin na farko, sai waƙar 1975 ta koma ta bana. A kuma saita ginshiƙin kwanan wata a matsayin rubutu zalla, in ba haka ba Excel zai juya shi yadda ya ga dama.

Harshe yana da lambobinsa a ƙa'idar ISO 639: Hausa ha ce a tsarin haruffa biyu, hau a tsarin haruffa uku, Larabci ar ko ara, Fulfulde ff ko ful, Kanuri kr ko kau. Ana iya ƙara nau'in rubutu a gaba, ha-Latn ga boko, ha-Arab ga ajami. Wannan ƙarin yana da muhimmanci ƙwarai, domin an sha shigar da rubuce-rubucen ajami a kundayen laburare a matsayin Larabci saboda mai shigarwar ya ga haruffan bai karanta harshen ba, kuma kundin da aka yi wa haka ya ɓace wa duk mai neman rubutun Hausa. Tafsiri ko kundin da ke da matani na Larabci da fassara ta Hausa a ba shi harsuna biyu.

Game da haruffa masu lanƙwasa, a rubuta take da bayani da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, amma a san cewa manhajojin bincike da yawa ba sa ɗaukar ƙ da k a matsayin dangi, alhali yawancin masu nema daga waya suke bugawa ba tare da lanƙwasa ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara ginshiƙin take na biyu wanda aka cire wa lanƙwasa. Haka nan a zaɓi tsakanin 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar a tsaya a kan ɗaya, a kuma zaɓi waƙafin sama guda ɗaya, domin miƙaƙƙen da ke jikin allon bugawa da lanƙwasasshen da Word ke sauyawa da kansa haruffa ne mabambanta a wajen kwamfuta ko da ido bai bambance su ba.

Maudu'i da rukuni kuwa a yi musu rufaffen jerin kalmomi: tafsiri, huɗuba, wa'azi, waƙar bege, waƙar sarauta, waƙar noma, waƙar dambe, rubutacciyar waƙa, tatsuniya, hira, da makamantansu, da jerin kayan kiɗa irin su kalangu da kotso da taushi da kuntigi da goge da gurmi da algaita. Duk wanda ke son ƙara kalma ya kawo ta a amince tukuna.

Hotuna

Fayil ɗin JPEG ko TIFF yana iya ɗaukar tsare-tsare uku a lokaci guda, kuma ya kamata a san aikin kowanne. EXIF, wanda masana'antun kyamara na Japan suka fitar a 1995, na'ura ce take rubuta shi da kanta: samfurin kyamara, saurin ɗauka, lokaci, da wurin da aka tsaya idan GPS a kunne yake. IPTC na majalisar kamfanonin dillancin labarai ne, an yi shi a farkon shekarun 1990 domin ɗan jarida ya rubuta wa ke cikin hoto da wanda ya ɗauka. XMP kuma kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 2001, ya zama ISO 16684 a 2012, kuma yana ɗauke da gurabun Dublin Core a cikinsa kai tsaye.

Ga mai rubuta Hausa zaɓin a bayyane yake: a rubuta a XMP. Gurabun rubutu na EXIF ba su karɓi UTF-8 a hukumance ba sai a siga ta 3.0 a 2023, tsohon IPTC kuma yana da ƙunci, domin sunan mai ɗauka ba ya wuce bayit 32 (bayit ɗaya shi ne gurbin harafin boko ɗaya marar lanƙwasa), kalmar nema ba ta wuce 64, alhali kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu yake ci. EXIF a bar shi yadda na'ura ta rubuta, amma kada a amince da lokacinsa ido rufe, saboda agogon kyamara yana iya zama ba a saita shi ba, kuma idan tsohon hoto aka ɗauka da sikana, lokacin da ke ciki na ranar sikanin ne.

Manhajar da ta fi dacewa da wannan aiki ita ce ExifTool, wadda Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003 kuma kyauta ce. Umarnin `exiftool -csv -r Hotuna > fitarwa.csv` yana zazzage duk bayanan da ke cikin jakar fayiloli (folder) mai suna Hotuna zuwa shafi ɗaya, wanda shi ne ya kamata a fara yi domin a ga abin da ake da shi. Domin cusa bayani kuma, a shirya shafi mai ginshiƙin SourceFile, inda ake rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake, da ginshiƙai irin su XMP-dc:Title da XMP-dc:Creator da XMP-dc:Description, a ba da umarnin `exiftool -csv=rajista.csv Hotuna`. Manhajar tana ajiye kwafin asali na kowane hoto kafin ta taɓa shi, kuma kada a goge waɗannan kwafin sai an buɗe hotuna da dama an tabbatar lanƙwasa ta fito daidai. Wanda bai saba da buga umarni ba ya yi amfani da manhajar digiKam. A gurbin bayani a faɗi mutanen da ke cikin hoto daga hagu zuwa dama da cikakken suna, da wuri da dalilin taron, kuma a gaggauta tambayar dattawan da suka san fuskokin, domin wannan bayani ne da babu na'urar da za ta samar da shi.

Sauti

MP3 yana amfani da tsarin ID3. Sigarsa ta farko ta 1996 bayit 128 ce kacal a ƙarshen fayil, take da sunan mawaƙi kowanne ba ya wuce haruffa 30, rukuni kuma lamba ce daga wani ƙayyadadden jeri da babu tafsiri ko waƙar noma a cikinsa. Wannan siga ba ta da amfani gare mu. Siga ta biyu ta zo a 1998, kuma rassanta biyu ne ake aiki da su, 2.3 da 2.4. Ta 2.4 tana karɓar UTF-8, amma ta 2.3 ce na'urori suka fi ganewa, kuma tana ɗaukar lanƙwasa muddin an zaɓi UTF-16 a saitin manhaja maimakon ISO-8859-1, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa sam. Ga fayilolin da za a rarraba wa jama'a, 2.3 da UTF-16 nake zaɓa.

Ga yadda za a cike zaman tafsiri ɗaya: gurbin TIT2 ya ɗauki take, misali Suratul Baƙara daga aya ta 1 zuwa ta 20, TPE1 sunan malami, TALB sunan jerin, kamar Tafsirin Ramadan 1445, TRCK lambar zama, TLAN ya ɗauki hau, lambar shaida ta rajista kuma a sa ta a gurbin TXXX, wanda aka tanada domin bayanin da mutum ya ƙirƙira wa suna da kansa. A cike TPE2 da suna iri ɗaya a dukkan zaman, domin da shi manhajojin waya da yawa suke tara jeri wuri ɗaya. Manhajojin Mp3tag da Kid3 suna iya ɗauko bayani daga shafin rubutu su zuba a ɗaruruwan fayiloli a tashi ɗaya. MusicBrainz Picard yana gane waƙa ta hanyar sauraron sautinta ya nemo bayaninta a intanet, amma ga kaset-kaset ɗin gida sau da yawa ba ya samun komai, wani lokaci ma ya liƙa bayanin wata waƙar, don haka a duba kafin a adana. Fayilolin da suka biyo ta hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa ko shafukan saukewa sukan zo da sunan shago ko na shafi da lambar waya a gurbin mawaƙi da na take. A share su, amma a rubuta a gurbin tushe cewa ta nan fayil ɗin ya zo.

Sigogin sauti na FLAC da Ogg da Opus ba sa amfani da ID3, suna da nasu tsarin mai suna Vorbis comment wanda UTF-8 ne tun asali, kuma ana iya ƙirƙirar kowane gurbi a cikinsa. Idan kaset ake juyewa domin adanawa, kwafin uwa ya zama WAV ne ba MP3 ba, mai ingancin sauti na a ƙalla 48 kHz da bit 24 kamar yadda ƙungiyar taskokin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawara. Sigar WAV ta gidajen rediyo, BWF, wadda Tarayyar Kafofin Watsa Labarai ta Turai ta fitar a 1997, tana da gurbin bayani mai haruffa 256 marasa lanƙwasa, wanda ya isa a sa lambar shaida da gajeren take, da wani gurbin da ake rubuta tarihin juyewa, wato wace na'ura ta kunna kaset ɗin kuma wace ta ɗauka. Ana cike su da manhajar BWF MetaEdit.

Bidiyo da takardu

A bidiyo, MP4 da MKV mazubai ne da ke ɗauke da hoto da sauti da fassarar ƙasan allo, kuma kowane layi a ciki yana iya samun harshensa. Manhajar MediaInfo tana karanto bayanan fasaha duka, tsawo da girman hoto da nau'in matsewa, ba sai an buga su da hannu ba. Domin sa take da harshe ba tare da an taɓa ingancin hoton ba, ana amfani da manhajar FFmpeg kamar haka: `ffmpeg -i shiga.mkv -map 0 -c copy -metadata title="Hawan Daushe" -metadata:s:a:0 language=hau fita.mkv`. Gidan rediyo ko talabijin mai babbar taska ya duba PBCore na Amurka ko EBUCore na Turai, waɗanda duka a kan Dublin Core aka gina su; fa'idar PBCore ita ce yana bambance shiri da kwafe-kwafensa, ta yadda shiri ɗaya da ke kan VHS da DVD da fayil zai samu bayani ɗaya da rassa uku. Ga bidiyo mai tsawo a rubuta a gurbin bayani minti nawa kowane ɓangare ya fara.

PDF yana da wurare biyu na bayani, tsohon jadawalinsa da kuma XMP, kuma ya kamata su yi daidai da juna. Sigar adanawa ta PDF/A, wato ISO 19005 ta 2005, ta wajabta XMP da cusa siffofin haruffa a cikin fayil, abin da ke tabbatar da cewa lanƙwasa za ta fito a kowace kwamfuta. A duba gurbin marubuci a duk takardar da ta fito daga Word, domin manhajar tana ɗauko sunan da aka yi wa kwamfutar rajista da shi, shi ya sa kundin digiri da aka buga a shagon buga takardu yakan fito da sunan mai shagon ko na samfurin kwamfutar a matsayin marubuci. Kundin ajami da aka ɗauka a hoto kuwa ba shi da rubutun da manhaja za ta bincika, saboda haka bayanin rakiya ne kaɗai ƙofarsa. Tunda da yawa ba su da take, a kwafo layin farko bayan basmala da layin ƙarshe, a ƙidaya warƙoƙi, a auna tsawo da faɗi da santimita, a faɗi yawan layuka a shafi da launin tawada, a kuma ɗaga takardar a haske a duba alamar masana'anta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka yaɗu a ƙasashenmu, domin tana taimakawa wajen ƙiyasta zamani.

Abin da ke zubewa a hanya da abin da ya kamata a cire

WhatsApp yana goge EXIF idan an tura hoto a matsayin hoto, yana kuma rage ingancinsa, Facebook ma yana cire mafi yawan bayanan. Duk wanda zai aiko wa taska da wani abu a roƙe shi ya turo shi a matsayin takarda, wato zaɓin Document na WhatsApp, ko ya kawo a filashi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai bayanin da bai kamata ya fita ba. A 2012 wata mujalla ta wallafa hoton John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta mai sunansa, lokacin da 'yan sandan Beliz ke nemansa, sai bayanin GPS da ke cikin hoton ya nuna yana Gwatamala. Hoton da aka ɗauka a cikin gida, na biki ko na yara, yana iya nuna ƙofar gidan haka nan. A ajiye kwafin uwa da cikakken bayaninsa, a cire wurin daga kwafin da za a fitar da umarnin `exiftool -gps:all= hoto.jpg`. A lura cewa gyaran da ExifTool ke yi wa PDF ana iya warware shi, wato tsohon bayanin yana nan a ɓoye, don haka takarda mai sirri sai an sake fitar da ita sabuwa. Gurbin haƙƙin mallaka kada a bar shi fayau: a rubuta wanda ya ba da izini da iyakar izinin, ko sauraro a ɗakin karatu kaɗai ko sakawa a intanet, idan kuma ba a gano mai haƙƙin ba a rubuta cewa ba a tantance ba.

Bayan an gama cusa bayani a fayil, a lissafa masa lambar tantancewa ta SHA-256 a rubuta a rajista, domin da ita za a gane nan gaba ko ya lalace ko an taɓa shi. Dole ne wannan ya zo a ƙarshe, saboda sauya harafi ɗaya a cikin take yana sauya lambar gaba ɗaya, kuma duk lokacin da aka gyara bayani sai an sake lissafawa. Rajistar da takardar ƙa'idojin a ajiye kwafinsu a cikin kowace ma'ajiya da fayilolin suke, a kuma ajiye wani a wani gini dabam.

Kada a fara da tarin gaba ɗaya. A zaɓi fayiloli kamar hamsin da suka haɗa kowane nau'i, a cike su har ƙarshe, sannan a ba wani da bai sa hannu a aikin ba ya nemo abubuwa goma da bakinsa zai faɗa, kamar tafsirin wata sura na wata shekara ko hoton wani basarake, a kwamfuta da kuma a ƙaramar waya. Duk inda ya tsaya yana lalube, a koma takardar ƙa'idoji a gyara wurin, sannan a shiga sauran fayilolin, a fara da kaset-kaset da kundayen da suka fi kusa da lalacewa da waɗanda masu iya ba da bayaninsu suka manyanta.